Geron Shatu

Kano, watan Nuwamba

Zuwa ga Kawu Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ban-girma, ina fatan kana lafiya, da Inna Zulaikha da duk mutanen gida. Yaya gajiyar girbi? Mu nan lafiya lau, sai Umma da ƙafa ke ɗan matsa mata in sanyi ya shigo.

Kawu, ƙila ba za ka tuna da ni ba. Ni ce Bahijja, 'yar Nafisat ta Kazaure, jikar Fatu. Kakata Fatu da mahaifinka Malam Sama'ilu 'ya'yan wa da ƙane ne. Rabona da kai tun wani biki a Roni ina 'yar firamare, har ka saya mini rake. Umma ta ce waya ba ta samunka sai ka hau tudu, kuma kai tsohon malamin makaranta ne, ka fi son takarda. Shi ya sa na ba Musaddiƙ direba wannan.

Ina karatun digiri na uku a kan tsirrai. A wurin aikinmu akwai ɗakin sanyi da ake ajiye iri, sanyin ya riƙe masa ransa shekara da shekaru. Fiye da shekara arba'in da suka wuce, ma'aikata sun zaga ƙauyuka suna karɓar iri a hannun manoma. Ina duba na yankin Ɓaɓura sai na ga ƙunshin gero daga ƙauyenku, sunan manomin kuwa Sama'ilu. Wallahi sai da na zauna.

Ga abin da ya sa na neme ka. Masana sun daɗe suna musu a kan saurin da halittu ke canzawa. Wasu sun ce canjin a hankali yake tafiya, kaɗan-kaɗan, sai an yi dubban shekaru kafin ido ya gani. Wasu sun ce a'a, halitta takan daɗe ba ta motsa ba, amma in yanayi ya matse ta sai ta canza cikin ɗan lokaci. Malamina, Farfesa Mu'azzam, yana ɓangaren farko. Ina so in gwada geron Malam Sama'ilu da wanda kake nomawa yau, in ga ko suna nan ɗaya. Don Allah ka aiko mini da ko cikin hannu ne na irinka.

'Yarka,
Bahijja

Ɓaɓura, watan Disamba

Zuwa ga 'yata Bahijja,

Wa alaikumussalam. Takardarki ta zo, mun gode Allah. Duk muna lafiya. Ki gaida Nafisat, ki ce mata ƙafar gado ce, uwarta ma haka ta yi ta fama. Na tuna da ke sarai, ke ce mai kukan an ba ki gindin rake maimakon tsakiya.

Oh, ni Ɗayyabu! Wato manyan mutane masu albashi suna can suna ɗaga wa juna murya a kan ko gero yana sauri ko yana nawa? Allah ne mai halitta, ni ba na shiga wannan. Amma tunda kin ce saurin kawai kuke aunawa, to ku auna.

Ga iri nan cikin ƙyalle, na cika miki hannu biyu. Mu a gida geron Shatu muke ce masa, sunan mahaifiyata ke nan. Da Baba ya rasu ya bar mu ƙanana, rumbu ba ya kai mu ƙarshen damina. To ita sai ta riƙa shiga gona tana neman zangarniyar da ta riga saura yin ido. In ta gani sai ta ƙulle ganyen karan, alamar kada kowa ya taɓa. Muna kukan yunwa, muna so a gasa mana tumu, ta ce sam, wannan iri ne. Bayan girbi ta ɗaure masu ƙulli daban ta rataye a ɗakinta. Haka ta yi har ta tsufa, da ta rasu matata Zulaikha ta ɗauka. A dangi ni kaɗai na rage da shi. Ƙanena na Gwiwa ya koma riɗi, maƙwabta kuma sun koma irin leda na kasuwa.

Amma Bahijja, kin tayar mini da abin da ya kwanta. Ban san Baba sosai ba. Abin da nake riƙe da shi kawai, yana ɗaga ni a kafaɗa cikin gona, kuma duk da haka zangarniya tana sama da kaina. Geron yanzu ba ya kai haka. Kullum ina cewa ko ƙuruciya ce ta sa na ga tsawonsa. In da hali, ki samo mini geron Baba in gan shi a ƙasarsa kafin in mutu.

Kawunki,
Ɗayyabu

Kano, watan Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya zafi? Na ji 'yarka Zaituna ta dawo gida haihuwa, Allah ya sauke ta lafiya.

Albishirinka! Na roƙi izini, muka shuka geron Malam Sama'ilu da rani a gonar gwaji da ban-ruwa, ya yi kyau ƙwarai. Ga kwano biyu nan a hannun Musaddiƙ. Ka gwada shi, amma ka keɓe shi, don ka fi ni sanin gero yana barbara da na kusa da shi ta iska. In suka haɗu da wani, ba na mahaifinka ba ne kuma.

Na karanta wa Farfesa takardarka, ya yi dariya a kan masu albashi. Ya ce in gaya maka ƙuruciya ce ta sa ka ga tsawo. A wajensa shekara arba'in ba komai ba ce a rayuwar halitta, ƙullin ganye na mace ɗaya ba zai canza gero ba, na mahaifinka da na mahaifiyarka abu ɗaya ne. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki. Ni ɗaliba ce, ban isa in ja da shi ba.

Ina sauri, ana jiranmu. Da damina za mu tsallaka Nijar, can za a yi babban gwajin.

'Yarka,
Bahijja

Ɓaɓura, watan Yuni

'Yata Bahijja,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Zaituna ta sauka, namiji, ya ci sunan Baba. Kin ga Sama'ilu biyu suka dawo gidan nan a shekara ɗaya.

Ranar da iri ya zo na kasa cin tuwo. Na zuba shi a faifai ina ta juyawa da yatsa, Zulaikha tana yi mini tsiya wai ko amarya aka kawo mini. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki abin da kike nema.

Na yi tunanin maganarki ta keɓewa. Gonata ɗaya ce, ina zan keɓe shi? In na raba ta biyu iska za ta gauraya su. Tunda Farfesa ya ce abu ɗaya ne, ke ma kin ce ba ki ja ba, sai na ga mene ne na wahalar da kai. Ruwan shuka na sauka na shuke gonar kaf da geron Baba, daga bakin hanya har gindin kuka. Ya fito kyau, ba gurbi.

Zulaikha ta ɗan yi ƙorafi. Ta ce a bar ko dami ɗaya na irin Inna Shatu a rataye. Na ce mata ke kin fi Farfesa ne? Rumbu ya yi ƙasa, ga mai jego tana buƙatar kunu, ga baƙin suna sun cika gida daga Roni da 'Yankwashi. Na sa aka sauke damman irin aka sussuke. An sha fura har an yi guzuri. Ai ba asara ba ce, tunda ga asalinsa can a gona yana girma.

In kin dawo ki zo ki ga gonar kakanki.

Kawunki,
Ɗayyabu

Ɓaɓura, ƙarshen Agusta

Bahijja,

Assalamu alaikum. Lafiya dai? Shiru ya yi yawa. Na hau tudu na kira ki har na gaji, kullum matar cikin waya tana cewa ba a samunki. Musaddiƙ ya rantse ya bar takardata a ofishinku.

Akwai abin da ban gane ba. Geron Baba ya yi tsawon da ban taɓa gani ba tun ina yaro. Ashe ba ƙuruciya ba ce, ki gaya wa Farfesa. Na shiga ciki na ɗaga hannu ban taɓa samansa ba. Masu wucewa kan babur suna tsayawa su yi mini barka. To amma na maƙwabta ya fitar da kai, ya yi bununi, wani ma ya fara ido. Nawa ganye kawai yake ƙarawa. Jiya na tsaga kara ɗaya, cikin ma bai gama haɗawa ba.

A irin wannan lokaci Zulaikha take shiga ƙullin ganye. Shekaranjiya ta shiga, ta zaga gonar duka, ta fito ba ta ƙulle ko ɗaya ba. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Hadari ya fara yi mana wasa, ya haɗu ya watse. Ke kin san daminar yanzu ba ta daɗewa. Ki tambayar mini Farfesa yaushe zai fitar da kai. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ɗayyabu

Kano, ƙarshen Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya muka dawo, na tarar da takardunka biyu a kan tebur, ƙura ta rufe su. Inda muke a Nijar layinmu ba ya aiki. Nan take na karanta su.

Kawu, gonar duka? Ni kunyar shuka biyu ko uku nake nufi, a bayan gida, don ka gani ka ji daɗi. Na san ban rubuta haka ba. Na ɗauka a bayyane yake. Kuma da na ce ban isa in ja da Farfesa ba, ba yarda na yi da shi ba. Tun farko ina zargin ba daidai yake ba, don haka ma na nemi irinka. Amma shi ne zai sa hannu a kan karatuna, kuma a gabansa na rubuta takardar. Ta yaya zan ce malamina ya yi kuskure yana kallon hannuna?

Da rani ban ga wannan nawar ba, don a rani kowane gero yana gaggawa. Sai a gwajin damina abin ya fito fili. Mun shuka su kusa da juna, geron Shatu ya riga na Malam Sama'ilu fitar da kai da nisa. Geron mahaifinka na damina mai tsawo ne, irin ta zamaninsu. Da ruwa ya riƙa janyewa, mahaifiyarka kuma tana ƙulle masu saurin nuna duk shekara, sai geron ya bi ruwan. A cikin rayuwar mace ɗaya, Kawu! Abokan aikinmu sun ce wannan hujja ce babba. Farfesa ya ce gero ɗaya ba ya rushe magana, hannun mutum ne ya tura shi, ba haka abin yake a daji ba. Har yanzu ana musu, amma ya bar yin dariya.

Ina jin nauyin wannan, amma dole in tambaya. Gonarka ita kaɗai ce inda tsohon iri ya koma ƙasarsa ta asali. In za ka iya, ka aiko mini da zangarniyu kaɗan yadda suke, in auna.

Allah ya kawo ruwa. Ina ta addu'a.

'Yarka,
Bahijja

Ɓaɓura, watan Oktoba

Zuwa ga Dakta Bahijja, ko ba a ba ki ba tukuna?

Wa alaikumussalam. Muna nan da rai. Ruwa ya ɗauke tun kafin takardarki ta iso. Geron Baba ya fitar da kai daga baya, dogaye, kyawawa, ya yi bununi a cikin rana tsagwaro. Ka murza zangarniya a hannu sai ƙaiƙayi. Abin da muka tara bai cika kusurwar rumbu ba, shi ma tsaba ce ƙanƙararriya. Kara kam na samu, in shanu nake da su da na yi arziki.

Ranar kasuwa na je awo. Ni, a watan da kowa ke ɗaurin dami! Mai awo tsohon ɗalibina ne. Ya ce, "Malam, baƙi aka yi ne?" Na ce masa eh, babana ne ya zo.

Na karanta takardarki sau da yawa. Kin ce kin ɗauka a bayyane yake. Kin aiko wa manomi kwano biyu na iri, Bahijja. Kwano biyu ba na bayan gida ba ne, ko yaron goye ya san wannan. Kin ce kina jin nauyin malaminki. Nauyinsa kika ji, nawa kuma fa? Kalma ɗaya a gefen takarda ta isa. Ko ki gaya wa Musaddiƙ da baki a tasha. Kika ajiye gaskiyarki a ciki don a sa miki hannu, kika aiko mini da tasa. Kuma a takardar da kike yi mini jaje kina murna kin ci musu, har da alamar motsin rai. Ni malamin makaranta ne, na san abin da ake nufi da ita.

Kada ki ce na wanke kaina. Ni na sa aka sauke damman, Zulaikha ta hana ni na ƙi. Wannan tsakanina da ita ne, kuma kullum ina ganinsa a fuskarta in tana tankaɗen garin kasuwa.

Na je Gwiwa, ƙanena ya ce rabonsa da geron Inna tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari. Na je Roni wajen 'yar gwaggona da aka taɓa ba irin, ta ce nata ya gauraye da na leda tuntuni. Na bi har Achilafiya a kan jita-jita, ba komai. Babu shi a ko'ina sai wajenki. Ki dawo mini da wanda na ƙulle miki a ƙyalle. Ko rabinsa ne, zan raine shi a bayan gida, kunya biyu, yadda kike so.

Ɗayyabu

Kano, watan Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, in za ka amsa. Duk abin da ka faɗa na karɓa. Umma ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi ba.

Na yi kwana da kwanaki ina neman yadda zan rubuta wannan. Irin da ka aiko kashi uku aka yi da shi. Kashi ɗaya an niƙa shi don binciken ƙwayar halittarsa. Kashi ɗaya aka shuka a Nijar, gefe da gefe da tsohon, sun yi barbara, kuma yawanci an yanke kawunan don awo tun ba su nuna ba. Na ƙarshe na shigar da shi ɗakin sanyi tun bara, don in kare shi. Bai fi cikin cokali ba. Na rubuta sunanka a jiki.

Na je wajen mai kula da ɗakin, na yi masa bayani har na yi kuka. Ya tausaya, amma ya ce abin da ya shiga ya zama ajiya, kuma in iri ya yi kaɗan haka ba a taɓa shi sai an fara ninka shi a keɓe. Akwai ɗaruruwa a gabansa suna jiran layi. Na tambaye shi yaushe, ya ce shi ma bai sani ba, wasu sun fi shekara goma suna jira. Na rubuta roƙo, Farfesa ma ya sa hannu. Ba zan daina bi ba.

Geron bai mutu ba, Kawu. Yana nan lafiya, ba abin da zai same shi. Zan samo maka iri mai saurin nuna na baɗi, mai kyau. Ka ba ni izini in zo in durƙusa a gabanka da Inna Zulaikha.

'Yarka,
Bahijja

Ɓaɓura, watan Disamba

Bahijja,

Wa alaikumussalam. Na amsa gaisuwarki, zumunci ba nawa ba ne da zan yanke. Muna lafiya. Ƙaramin Sama'ilu ya fara zama. In za ki zo ki zo, gida gidanki ne, daga Kano zuwa nan ba tafiyar yini ba ce. Ba ta taɓa zama tafiyar yini ba.

Ga zangarniyun da kika nema nan, na ɗaure miki dami guda. Ba nauyi, Musaddiƙ da hannu ɗaya ya ɗaga shi. Ki auna, ki rubuta, ki ci musunki. Ki bar irin baɗi, na riga na yi magana da maƙwabci, zai ba ni na leda. Duk shekara sai an sayi sabo, don haka Zulaikha ba ta da abin ƙullewa kuma. Ta cire ƙusar da ake rataye iri a ɗakin Inna, ta ce tana kama mata mayafi.

Kin ce geron yana nan lafiya, ba abin da zai same shi. To ai abin da nake tsoro ke nan. Geron Baba ma lafiya yake a ɗakinku, ba abin da ya same shi. Ya kwanta shekara arba'in, ya tashi yana jiran ruwan da ya tafi tare da mai shi. Na Inna abin da ya raya shi, duk shekara wani abu yana samunsa. Ya sha fari tare da mu, ya ji yunwa tare da mu, ana ƙulle wanda ya tsira. Yanzu kun sa shi a sanyi ya tsaya, damina kuma ba za ta tsaya jiransa ba. Ni ban san wa ya yi daidai tsakaninki da Farfesa a kan dubban shekaru ba. Abin da na sani, Inna ta yi rayuwarta duka tana gina shi, ni da ke muka gama da shi a damina ɗaya. In sauri kuke nema, ku rubuta wannan.

Abu biyu nake roƙo. Ki goge sunana a jikin ƙunshin, ban cancanta ba. Ki rubuta Shatu.

Na biyu, in layin ya zo ba lalle ina nan ba. Wata yarinya mai kirki irinki za ta gani, ta ji daɗi, ta neme jikana Sama'ilu ta aika masa da geron kakar uwarsa. Shi ma zai zuba a faifai ya kasa cin tuwo, na san jininmu. Don haka ki rubuta a ƙarƙashin sunan, da manyan baƙaƙe, ko malaminki yana kallon hannunki: kunya biyu kawai.

Kawunki,
Ɗayyabu